Gumurzun Alhaji Ukashatu da Faifan Nuna Hanya

Kafin wani ya riga ni ya cika muku kunne da ƙarya, ku sani ni Anaruwa na fara ganin abin nan da idona, tun masu ba da labarinsa yau a teburin mai shayi suna gida suna neman takalmansu. Ni da na yi shekara arba'in da ɗaya a bayan sitiyarin gingimari, na faɗi da ita sau uku na tashi na karkaɗe rigata, agana ta zane mini fuska ta bar ni da raina, kwalara ta kwashi maƙwabtana dama da hagu ta tsallake ƙofata, ba zan zo da furfura in ƙara wa zance gishiri ba. Ban zauna a benci an koya mini boko ba, amma abin da ido ya gani ba ya neman takardar shaida.

Bayan haka, wannan shi ne tarihin sadauki ɗan sadauki, Alhaji Ukashatu na garin Kura, ɗan Mamman Mai Sikeli wanda mudunsa bai taɓa cika ba, jikan Ɓaidu wanda ya kori kura da muciya a shekarar fara, ko da yake masu hassada sun ce karen maƙwabta ne, tattaɓa-kunnen Gagare wanda ya je yaƙi ya dawo da labarinsa tun kafin a fara shi. Toron giwa, hadari malafar duniya, ma'abocin alfarma da martaba da injin casa uku, biyu suna hutawa, bajimin da tumbinsa ke riga shi yin sallama a zaure, gwarzon da in ya yi gyaran murya leburori ke sauke buhu, in ya yi atishawa kaji ke canja unguwa.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Shekara biyu da suka wuce ƙungiyar masu casar shinkafa ta naɗa wannan bawan Allah jagoran tawagar ta'aziyya zuwa wani ƙauye a bayan Rano. Ya sa mota a gaba, motoci huɗu na biye da shi, ya sauke gilashi ya tambayi hanya sau goma sha ɗaya: ya tambayi mai rake, ya tambayi mai faci, ya tambayi mai tallar nono, har wani kurma ya tsayar ya tambaya, kuma ya bi inda kurman ya nuna. Can ya hango maza zaune a kan tabarmi a ƙofar wani gida, ya ce an iso. Dattawa ashirin suka sauka suka durƙusa, Alhaji ya sunkuyar da kai ya ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙan rai." Ashe gidan suna ne, ragon ma ba a gama feɗe shi ba. Da takalma a hannu aka koma motoci. Tun daga ranar sunan da ubansa ya yanka masa rago a kai ya ɓace a garin Kura, babba da yaro ba mai ce masa komai sai Alhaji Ina-Hanya.

Wanda ya raɗa sunan kuwa ba bare ba ne, taubashinsa ne, Hambali mai akori-kura, ɗan kawunsa, wanda al'ada ta ba shi lasisin ya ci masa fuska a gaban kowa, ya kira shi bawansa, kuma ba damar fushi. Shekara biyu Alhaji yana haɗiye wannan suna kamar maɗaci. Sai bana ya tafi ya dawo da mota 'yar Kwatano, irin wadda aka fara hawa a Turai, baƙa wul, mai wani allo a gaba kamar ƙaramin talabijin, wadda dillali ya rantse masa cewa akwai wata mace a cikinta da ta san kowace hanya a bayan ƙasa, ba ta barci, ba ta mantuwa, ba ta neman ko ruwan sha.

Ana cikin haka aka aiko cewa mahaifiyar Malam Sabi'u, ɗan ƙungiya, ta rasu a Dokan Maje, kuma ran Asabar za a je addu'ar bakwai. Nan fa sadauki ya miƙe a tsakiyar majalisa, ya saɓa hannun riga a kafaɗa, ya ce, "Ni zan ja gaba. In na sauke gilashi na tambayi ɗan Adam hanya, ko wani a cikin motata ya nuna mini da baki ko da yatsa, ku ba Hambali jagora har abada, sunan nan kuma ya bi ni har kabari. In kuwa ban tambaya ba, kada in ƙara jin sa a bakin kowa."

Hambali ya ce, "Mun ji, bawana. Ni dai zan tafi da goron suna a aljihu, ko da za a buƙata."

Ran Alhamis da hantsi ina zaune a kan dakalin ƙofar gidansa, ni kaɗai, ba na biyu, Alhaji ya fito ya shiga mota don ya gwada makaminsa. Ya murɗa makulli, allo ya kawo haske, sai ga wani jan rubutu ya gicciya a tsakiya kamar sawun kaji a kan taɓo, na'ura ta yi ƙara sau uku ta yi tsit. Ya kashe ya kunna, haka. Ya bubbuga mata kai da tafin hannu yadda ake yi wa rediyo, haka. Ni na fara ganin gumi ya tsattsafo a ƙarƙashin hularsa, kuma duk wanda ya ce ya riga ni, ku tambaye shi wace irin hula ce.

Aka aika aka kira Isiyaku mai wayarin, wanda duk wata waya da ke garin Kura ta san hannunsa. Ya leƙa, ya danna wani maɓalli, ya zura ido a wata tsaga, ya ce, "Ranka ya daɗe, ai babu faifai a ciki. Faifan shi ne ƙwaƙwalwarta, duk hanyoyin a kansa suke. Sabo kuwa sai an yi odarsa daga waje, wata biyu in an yi sa'a."

Aka baza 'yan leƙen asiri, aka tsare mai wankin mota aka yi masa tambayar kabari, ya amsa laifinsa: yana goge allo ne abin ya tofo faifan, ya kai shi gida ya sa a bidiyo bai ga fim ba, ya ajiye shi a kan katanga, Kawu Nomau ya zo wucewa ya ɗauke. Jama'a suka yi salati. Don kuwa Kawu Nomau, wan mahaifiyar Alhaji kuma uban Hambali, tsoho ne mai shekara tamanin da baƙin rai, kuma duk faifan da ya gani a garin nan ganimarsa ce, ratayewa yake a gonar shinkafarsa, iska na juya shi, walƙiyarsa na korar tsuntsaye.

Sai aka buga tambarin yaƙi, wato Alhaji ya danna hon sau biyu, runduna ta ɗunguma zuwa fadama: shi a gaba, ni a dama, Isiyaku a hagu da sukundireba a bayan kunne. Da muka isa muka tarar da sansanin abokan gaba ya cika ya batse, tsuntsaye jan-baki dubu bisa dubu suna sauka suna tashi kamar hayaƙi, igiyoyi sun ratsa gona gabas da yamma, an rataye musu gwangwanaye da tsummokara da ledoji da faya-fayai sun fi sittin, kowanne yana ƙyalli yana kashe ido, a tsakiya kuma ga Kawu a kan ɗan dandamalinsa da majajjawa a hannu. Gwarzon da leburori ke rawar jiki a gabansa ya cire takalmi, ya tattare babbar riga har ƙugu, ya kutsa cikin taɓo, ya durƙusa a gindin dandamali, ya ce, "Kawu, barka da aiki."

"Wane ne? Ukasha? Me ka zo ci?"

"Kawu, wani ɗan faifai nawa ne aka ce ya shigo cikin naka."

"Naka? Da sunanka a jiki? To na ji. In ka cire shi, wa zai tsare mini kusurwar? Uwarka ba ta gaya maka shinkafar nan ake kai mata duk shekara ba?"

Aka yi zaman sulhu a tsaye cikin ruwa, aka ƙulla yarjejeniya: faifai zai koma hannun mai shi, amma mai shi zai tsaya a madadinsa har Kawu ya je gida ya ci abinci ya yi azahar ya dawo da wani. Haka kuwa aka yi. Ya ku masu sauraro, da kun ga wannan rana! Alhaji Ukashatu, mai injin uku, tsaye a kusurwar gona, rana na dukan ƙeyarsa, yana kaɗa hannuwan riga kamar jimina za ta tashi, yana jan igiyar gwangwani, yana kururuwar da ta girgiza fadama: "Kaaai! Haaa! Ku tashi, 'ya'yan banza!" Rundunar jan-baki ta kawo hari ta dama ya tare, ta zagayo ta hagu ya tare, wata ƙaramar bataliya ta bi ta sama ta sauke masa abin da ta sauke a kan hula, bai ja da baya ba ko taku ɗaya, don ƙafarsa ta riga ta kafe a taɓo. Kawu bai dawo ba sai bayan la'asar, ya ce barci ne ya ɗan ɗauke shi.

Allah ya taimaka ta ramin tsakiya tsohon ya zura igiya, bai huda shi da ƙusa kamar sauran ba. Muka gane shi da hoton ƙwallon duniya a bayansa. Aka dawo da shi gari a naɗe cikin hankici, Alhaji na riƙe da shi da hannu biyu kamar jariri, aka zura shi a bakin na'ura. Ta haɗiye, ta yi gurnani, ta yi kakari kamar akuyar da ta ci leda, ta tofo shi, jan rubutu ya dawo. Isiyaku ya ɗaga faifan a rana ya ce, "Ya sha wuya, Alhaji. Dubi yadda igiyar da aka ɗaure shi da ita ta kakkarce shi, ga kashin tsuntsu, ga ƙura. Ba za ta iya karanta shi a haka ba."

Ran Juma'a da safe ƙofar gidan ta cika, don labari ya zaga, kuma kowa ya zo da nasa maganin. Wani ya ce toka, yadda mata ke sa tukunya ta yi ido. Wani ya ce kalanzir, wani lemon tsami, wani ya ce a kai wa mai wankin takalmi. Sadauki ya fara kai hari da makamin kakanni, ya huhhura masa huci ya goge da hannun riga, na'ura ta tofo. Ya sake ɗaura ɗamara ya bi shawarar wani mahauci, ya shafe shi da man shanu, faifai ya yi sheƙi kamar goshin amarya, na'ura ta haɗiye ta tofo, motar ta ɗauki ƙamshin tuwon sallah, kafin a jima tururuwa sun yi layi daga taya har sitiyari. Hambali na zaune a kan bodin akori-kurarsa yana cin gyaɗa, ya ce, "Saura yaji da kuka, bawana, sai mu sa hannu."

Da na ga wani ya taho da toka a murfin kwano, na san in na ƙara yin shiru an kashe faifan nan har lahira. Na buga sandata a ƙasa na ce kowa ya matsa. Na ce a wanke man nan tas da sabulu. Na ce a kawo makilin, farin nan na goge baki, ba mai launi ba, da tsohuwar singileti mai laushi, don da shi muke goge gilashin fitilar gingimari tun ana tuƙi a hannun hagu. Alhaji ya kutsa cikin gida da kansa ya fito da shi, muryar matarsa Hajiya Tabawa na biye da shi daga bayan ƙofa: "Alhaji, shi ke nan mana fa a gidan! In ka matse shi duka, da gawayi za ka goge baki gobe!"

Bai waiwaya ba, namiji ba ya waiwaye ran gumurzu. Ya zauna a kan tabarma ya tanƙwashe ƙafa, na tsaya a kansa ina ba da umarni. Ɗan kaɗan a kan yatsa, kamar ƙwayar masara. Daga ramin tsakiya zuwa baki, a miƙe, kada a kewaya, don mai kewayawa sabon rauni yake yi a kan tsoho. A hankali, ba da ƙarfin ɗaga buhu ba. Sau bakwai ya zagaye faifan nan da shafa, gumi na ɗiga daga gemunsa, jama'a sun yi tsit har kana jin kukan cikin mai wankin mota, sannan aka ɗauraye da ruwan leda, aka tsane da gefen rawanina, aka jingine a inuwa ya sha iska, shi kuma Isiyaku ya naɗa auduga a tsinke ya share wa na'urar idonta na ciki.

Da aka sauko daga masallaci aka sake zura shi. Ta haɗiye. Ta yi shiru. Ta yi wani ɗan zuu kamar sauro a nesa. Sai jan rubutu ya ɓace, sai ga murya, muryar mace, mai sanyi, tana magana cikin wani yaren da ko malamin firamaren da ke wurin ya ce ba Turancin da aka koya masa ba ne. Wuri ya kaure, guɗa ta tashi daga cikin gida, Alhaji ya fito da rabin jiki ta taga ya ɗaga hannu sama ya yi ruri: "Ina Hambali? A gaya wa Hambali maza sun dawo!"

Allon kuwa shuɗi ne fes daga sama har ƙasa, ba layi ba ɗigo, sai wata 'yar kibiya a tsakiya. Isiyaku ya sosa ƙeya ya ce, "Alhaji, wannan shuɗin fa kamar ruwa ne."

"Ruwan gidanku! Sararin samaniya ne, daga sama take kallon hanya. Kai dai tsaya a wayarka."

Alhaji ya duba ya ga hoton wani ɗan gida a gefen allo, ya ce ai gida za mu, gidan su Malam Sabi'u, ya danna. Kibiya ta juya ta tsaya cak, matar ta ƙara yin magana. Alhaji ya gyaɗa kai ya ce ta gane.

Ran Asabar da hantsi tawaga ta tashi, motoci biyar, baƙar mota a gaba, ni a kujerar gaba saboda shekaruna, dattawa uku a baya, akori-kurar Hambali a ƙarshe. Muka bar gari lafiya. Da muka iso mararrabar da ake karyawa kudu a kama hanyar Dokan Maje, hanyar da na sani kamar yunwar cikina, sai kibiya ta nuna arewa, matar ta shiga magana ba ƙaƙƙautawa. Alhaji ya dubi kwalta, ya dubi allo, ya dube ni ta wutsiyar ido. Ni kuwa an ce wanda ya nuna da baki ko da yatsa ya karya rantsuwa, sai na ɓare goro na cika bakina da shi, na zauna a kan hannuwana.

"Ta san yanke!" in ji sadauki, ya karya sitiyari arewa, ya sauka daga kwalta ya hau 'yar hanyar bakin kanal da masu babur ke bi zuwa gonaki. Motoci huɗu suka tsaya a kan titi suna ta hon. Bai saurare su ba. Hanya ta tsuke, ciyawa na sharar ƙofofi, dattawan baya sun fara karanto duk addu'ar da suka haddace, ɗaya na cewa, "Alhaji, don girman Allah, ina da iyali," har muka iso inda hanyar ta ƙare a mashayar da shanu ke tsallaka kanal. Kibiya na nan a arewa. Matar ta ce wani abu. Jikan Ɓaidu ya gyara hula, ya damƙe sitiyari, ya yi kururuwar da tarihi ba zai manta ba: "Ta ce a miƙe!"

Muka miƙe. Ruwan bai fi ƙauri ba. Mota ta yi tari biyu ta mutu a tsakiya, kwaɗi suka yi tsalle suka ba mu wuri, wata mata mai wanki a gaɓa ta janye zanenta ta ce mana sannu da zuwa. Daga inda muke ana hango rufin injin Alhaji. Matar cikin allo kuwa ba ta fasa magana ba, cikin natsuwa, kamar ba ita ta yi ba.

Shanun huɗa biyu aka kwanto daga wata gona suka ja mu baya. Isiyaku ya iso a kan babur, ya leƙa, ya daddanna, ya ce, "Ranka ya daɗe, jiya na so in faɗa ka ce in tsaya a wayata. Faifan nan ƙasar Baturen da ya fara hawan motar kaɗai ya sani, mu nan duk a teku ya ajiye mu. Gidan da ka danna kuma gidan Baturen ne, can take kai ka. Da ka daure da ka isa, sai dai ba bana ba."

Hambali ne ya ja tawaga zuwa Dokan Maje, ni da dattawan uku a bodin akori-kura da jiƙaƙƙun wanduna, muka yi addu'a a gidan da ya dace, muka dawo. Da la'asar majalisa ta zauna shari'a, aka tambaye ni shaida, na faɗi gaskiya: gilashi bai sauka ba, ba a tambayi kowa ba, ba wanda ya nuna. Dattawa suka yanke cewa rantsuwa ta cika, jagora na nan a hannun Alhaji, kuma daga ranar haramun ne wani ya ƙara ce masa Ina-Hanya. An kuwa kiyaye, ban ƙara jin sunan a bakin kowa ba. Sarkin Ruwa ake ce masa yanzu, masunta na jinjina masa in ya zo wucewa, jagorar ma ba wanda ya ƙwace, sai dai tun daga ranar in ya sa mota a gaba, ba mai bin sa.

Wanda ya ce Anaruwa ya tsufa ya fara haɗa zance, ya zo ƙofar gidan Sarkin Ruwa gobe da hantsi, ya roƙi makulli ya murɗa da hannunsa. In bai ga allo ya nuna motar nan tsaye a tsakiyar shuɗin teku ba, ga gemuna, ya zo da askarsa. In kuwa ya gani kuma yana jin shi ma namiji ne, ya danna ɗan gidan ya bi matar, amma ya taho da shanunsa, don masu na wancan karon sun ce ba su ƙarawa.